Fatar Ruwa

A Kakuri, bayan masaƙa ta rufe ƙofa,
babanmu Ɗanlami ya koma ɗinki a baranda.
Wata Laraba da ba ciniki
ya ce in ɗebo ruwa a kwanon sha,
in ajiye, in bar shi ya natsa.

Ya goga allura a sumar kansa,
ya ɗora ta kan 'yar takarda mai laushi.
Takarda ta jiƙe, ta nutse.
Allura ta tsaya.
Ƙarfe fa! Ga shi kwance a kan ruwa
kamar mai ƙailula a tabarma,
ruwan ya ɗan lotsa ƙarƙashinta, bai yage ba.

Na ce siddabaru ne. Ya ce a'a,
ruwa ma yana da fata.
Ƙwayoyin da ke can ƙasa suna da maƙwabta ta ko'ina,
na sama ba su da kowa a bisansu sai iska,
don haka suke kankame juna,
su ja ciki, su matse.
Shi ya sa ɗigo ke dunƙulewa
kan ganyen gwaza kamar ƙwayar carbi.

Sai ya laƙato sabulu da ɗan yatsa,
ya tsoma a gefe.
Allura ta yi ƙasa, tsulum.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Tun daga ranar na zama mai leƙen ruwa.
A gindin gada, inda kogin Kaduna ke lafawa,
ƙwari masu dogayen ƙafafu na tsere,
kowace ƙafa da ɗan lotsonta, babu wadda ta jiƙe.
A Panteka baƙin mai ya baje kan kududdufi,
ya yi bakan gizo, shi bai iya riƙe kansa ba.
Zuma kuwa sai ta yi tudu a cokali,
ta yi dogon tunani kafin ta sauka.
Barau mai shayin layinmu
yakan cika kofi har ya yi tozo,
ya miƙo maka, ko ɗigo bai zuba ba.

Ranar da muka kai Baba makwancinsa
na cika kamar kofin nan.
Ƙwalla ta taru, ta yi tozo, ta tsaya a bakin ido.
Na karɓi gaisuwa, na naɗe tabarmi,
na raka baƙi har bakin titi,
ba ta sauka ba.

Sai da dare, ina rufe keken ɗinki,
na ga allura soke a jikin hularsa,
da guntun farin zare a kunnenta.
Ko kusa da sabulu ban je ba,
fatar ta yage.