Kafin a Zuba Dalma

Ƙarfe ɗaya na dare a Anguwar Rogo,
sanyi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ko sallama babu.
Na ja bargo, na ja kujera,
na buɗe manhajar nan mai riƙe tarihin aiki,
wadda ke tuna wa ya taɓa wane layi, yaushe, don me.
Ɗanya na sauko da ita, ba dafaffiya ba.
Ni zan gina ta da hannuna.

Kakana Sallau zubin tukwane yake yi a Katako.
Yakan durƙusa gaban damshin yashi,
ya fi awa bai hura wuta ba,
yana gyara gurbin kunne, yana auna kaurin gindi.
Yakan ce: yaro, shawara kafin zubi take,
dalma in ta huce ba ta jin lallashi.

To, ga nawa yashin: ƙaramin fayil, fari fat.
Layin farko, na faɗa mata inda za ta zauna,
cikin ɗakina, ba tsakar gida ba,
don kwamfutar ta asibiti ce, aro aka ba ni,
mai riƙe da mabuɗin babban ɗaki kuwa yana hutu a Pankshin.
Na biyu, wane allo za ta miƙo mini
in na zo rubuta dalilin canji.
Na zaɓi mai sauƙi, wanda ƙofar fitarsa ke rubuce a ƙasa.
Wancan na gwanaye ya taɓa kulle ni ciki har la'asar.

Sai rage kaya.
Tagogi masu launi, na ce ba na so.
Harsunan da take ji, na duba, babu nawa a ciki,
na ce a sauke su duka.
Na iso kan igiyar da ke haɗa ta da waje,
na ce, wa zai kira mu? Wa za mu kira?
Na sa a'a, na danna, na jingina.

Rubutu ya kama gudu kamar ruwan Agusta a kwalbati,
fanka na nishi, batir na ramewa,
shayina ya huce a gefe.
Minti arba'in, ba jan layi ko ɗaya.
Na yi hamdala, na kwanta da safa a ƙafa.

Da hantsi Kangyang ta kira daga Bukuru:
"Na gyara lissafin magunguna,
jawo reshena ka haɗa da naka."
Na ja. Shiru.
Na sake ja, manhaja ta ce ba ta san hanya ba.
Ina za ta sani?
Ni na toshe ta tun tana yashi.
Tukunya ta fito sumul, sai dai ba kunnen ɗauka.

Na lalubi saitin da ake murɗawa bayan gini:
suna, adireshi, launi, duk suna juyawa.
Wannan kam yana cikin ƙashi.
Sai an narke, sai sabon zubi.

Na koma neman zaɓin jiya in ga inda na kauce,
ashe da magagin barci na share fayil ɗin,
kuma yana cikin waɗanda aka ce ta kau da kai daga gare su.
Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabci ya yi gyaran murya.
Mai tuna waƙafin da aka goge bara
ba ta san yadda aka haife ta ba.

Yanzu kowane layi sai na rubuta shi a bayan rasidin mai,
da dalilinsa a gefe, da biro ja.
Kangyang ta ce tana tafe da yamma, da gwate a kwano,
kuma kada in danna komai sai ta gani.

An kawo wuta.
Yashi ya yi damshi.
Ban hura ba tukuna.