Taswirar Bayan Kalanda

A shagon Mannir mai gyaran waya, bayan Ƙofar Ƙaura,
in an idar da isha'i, an ja ƙyaure rabi,
nakan shimfiɗa duniyata a kan benci.
Bayan tsohuwar kalanda ce, na zane ta da biro ja da shuɗi.
Marafan kwalba su ne birane.
Ƙwallon goruba, dodo.

Ni ne mai ba da labari. Abin da na ce akwai, akwai shi.

Makon farko na cika hannu.
Dodo a mashigi, dodo a gindin kowace kuka,
wata mesa mai kai bakwai ta naɗe hanyar kasuwa.
Ƙwallaye goma sha tara na zuba,
tsakanin wannan da wancan ko tafiyar hantsi babu.

Hansatu, mai karatun noma a jami'a,
ta tallafe haɓa, ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Mutanen nan naka me suke ci?
Wa ya shuka geron da ke rumbunsu?
Mesar nan taka shanu nawa take haɗiyewa a wata,
kuma daga garken wa?"
Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Mako na biyu na yi zuciya,
na kwashe dodannina kaf, na zuba a aljihu.
Ƙasa ta zauna lafiya. Fatake suka wuce da jakuna,
aka yi damina, aka yi kaka, aka biya haraji.
Jarumin Mannir ya rataye takobi, ya buɗe tireda.
Ƙwayar ludo ta kwanta a gwangwani, ba mai kaɗa ta.
Kafin tara ta buga kowa ya koma kan wayarsa.

Na rasa ta cewa.
Ganuwar da ba ta tare komai, tarin ƙasa ce.
Dodon da ya cinye manomi, baɗi yunwa zai kwana da ita.

Sada bai cika magana ba.
Damina biyu ke nan da suka baro ƙauyensu,
ba mu taɓa tambayarsa dalili ba. Mun sani.
Ya karɓi jan biron,
ya ja zobe uku kewaye da marfi guda.

Ya ce, "Nan, iyakar inda kiran salla ke kaiwa,
mata na tsinkar yakuwa, yara na bin awaki.
Kada ka sa komai.
Nan kuma, inda muryar ladan ta ƙare, ana noma,
amma a tsaye ake shan fura,
jaki a ɗaure yana fuskantar gida.
Sa sawu kawai. Sa ƙaho a kan turba.
Sa gonar da ciyawa ta cinye,
kada ka faɗi inda mai ita ya shiga."

Sai ya zaro ƙwallo ɗaya daga aljihuna,
ya ajiye can gefe, inda takardar ta yage.
"Guda ya isa. Ba kullum yake zuwa ba.
Jiransa ne ke hana barci."

Janareton maƙwabci ya yi tari, ya mutu.
Hansatu ta haska fitilar waya.

A daren muka yi wasan da ya fi kowanne.
Mutanen marfin kwalba suka fita da garma, da baka a kafaɗa,
suka ture zoben tsakiya da faɗin ɗan yatsa.
Mannir ya rasa doki, ya samo fadama.
Dodon bai ko motsa ba,
amma duk jifa sai mun leƙa gefen da ya yage.

Da za a tashi, na ga Sada ya sunkuya,
ya ɗiga ɗigo a cikin zobe na biyu,
ya rubuta wani suna da ƙananan baƙi.

Na ce, "Ai wannan garin ba ya cikin labarina."

Ya mayar wa biron da marfinsa.
Ya ce, "Bar shi nan.
Mako mai zuwa, can za mu."