Kashi Na Biyu

Ran Asabar na bi ta Sabon Gari,
na tsaya a rumfar Shamwilu mai tura finafinai.
Ya ce, "Malam, bushiyar nan ta yaranka ta dawo,
kashi na biyu, jiya-jiya ya sauka."
Na miƙa masa waya da ɗari biyu,
na hau acaɓa da albishir a aljihu.

A Gyallesu, tun ban cire takalmi ba
Jazuli ya riga ya lalube ni.
Shekara uku suna cin na farko ba su ƙoshi ba,
har Rumasa'u ta haddace tarin da kada yake yi,
har uwarsu Bara'atu, tana wanke-wanke,
takan ba bushiya amsa daga bakin rijiya.

Bayan isha'i muka baje tabarma.
Gyaɗa a faranti.
Wuta ta yi mana kara, ba ta tafi ba.

Sai ga bushiya, amma ta manyanta.
Furfura ta fito mata a gindin ƙaya,
ga 'ya a bayanta, mai kunnen ƙashi,
kullum idonta na ƙetaren kogi.

Jazuli ya ce, "To, ina kadan?"
Babu kada. Ko ya mutu, ko masu zane sun manta shi.
Wani burgu mai tabarau aka kawo a gurbinsa,
aikinsa faɗawa tukunyar miya.
Faɗuwar farko yara suka yi ta birgima,
ta uku Rumasa'u ta murmusa don kada ya ji kunya,
ta biyar ta tambaya ko da sauran gyaɗa.

Bara'atu ta ce, "Ɗumame ne wannan,
an dai ƙara masa man shanu."
Na ce haka ne, na gyara matashi,
don ni barci na zo yi, ba kallo ba.

Ban san sa'ad da na tashi zaune ba.
Bushiya ce a gaɓar ruwa,
'yar ta shiga ƙwarya, igiyar ruwa na janta.
Uwar ta buɗe hannu za ta rungume ta,
ta tuna ƙayar da ke jikinta,
ta mayar da hannun.
Ƙwarya ta yi nisa. 'Yar ba ta waiwayo ba.

Wata biyu ke nan, a Kwangila,
na ɗora akwatin Nusaiba a motar Sakkwato.
Na tanadi maganganu tun daga gida,
da direba ya tada mota
abin da ya fito kawai: "Ki riƙe cajarki da kyau."

Na duba tabarma.
Jazuli ya yi barci, bakinsa a buɗe,
Rumasa'u ta yi matashi da ƙafarsa,
ɓawon gyaɗa manne a kumatunta.
Waɗanda aka yi abin dominsu sun tafi,
sun bar tsofaffi biyu gaban zane mai motsi.
Bara'atu na goge ido da gefen mayafi.
Ta ce hayaƙin maganin sauro ne.
Ban tuna mata ba mu kunna ba.

Da safe, a kan koko,
kotun yara ta yanke hukunci:
na farko ya fi, a maido musu kada da tarinsa.
Na maido.
Na jira har suka wuce Islamiyya,
na rufe ƙofa kamar mai satar nama a tukunya,
na ja fim ɗin zuwa bakin kogi.

Ran Litinin Shamwilu ya ce, "Yaya yara, sun ji daɗi?"
Na ce, "Sun yi barci.
Amma in na uku ya sauka, ka kira ni ko da dare ne.
Ina so in ga ko ƙwaryar nan tana dawowa."