Daƙiƙa Casa'in a Hammerfest

A Hammerfest, watan Disamba, rana ba ta leƙowa.
Biyar na asuba da biyar na yamma, duhunsu ɗaya.
Ga ni rub da ciki a rumfar jirage,
gwiwar hannu a ƙasa, yatsun ƙafa a kafe,
jiki a miƙe kamar katakon gada.
Gunvor na tsaye a kaina, agogo a tafinta.
"Talatin," ta ce.
Cikina ya fara rawar sanyi.

Ku da kuke ɗaga kai in mun gifta,
kuna nuna wa yara jirgi mai saukar ungulu,
ba ku ga irin zaman da muke yi a ciki ba.
A duƙe muke, kafaɗa ta karkata hagu,
hannun dama riƙe da sanda tsakanin gwiwoyi,
na hagu can ƙasa yana ɗagawa yana saukewa,
ƙafafu biyu kowace da nata aikin.
Ga hular kwano, ga tabaran ganin dare
sun rataya a goshi kamar bashi.
Kujera kuwa ba ta daina karkarwa,
tana tankaɗe ƙashin baya
gaɓa bayan gaɓa,
awa biyu zuwa rijiyar mai a tsakiyar teku,
awa biyu dawowa.

"Hamsin. Kar ka saki ƙugu."

Kyaftin Oddvar ne ya koya mini sauka
a kan faifan ƙarfe mai lilo bisa igiyar ruwa.
Shekara ashirin da shida yana tashi,
guguwa ba ta kayar da shi ba, ƙanƙara ba ta kayar da shi ba.
Igiyar takalmi ce.
Wata safiyar Talata ya sunkuya zai ɗaure,
bai ƙara miƙewa daidai ba.
Na kai masa kofi a gidansa na bakin gaɓa,
na tarar jikarsa ce ke sa masa safa.
Ya yi dariya, ya ce, "Eilif,
kullum muna duba mai, muna duba farfela,
kowace kusa da littafinta da ranar canjinta.
Wa ya taɓa buɗe wa kwankwaso littafi?"

Gani ga wane.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga,
ni kuwa na riga na ji tsagar:
wani zare na wuta daga ƙugu zuwa cinya
duk lokacin da na sauko daga jirgi.

"Saba'in."

Gunvor ba ta san tuƙi ba, ba ta ma son tsayi.
Amma ta ce akwai ɗamara a ƙarƙashin fata,
tsoka ce da ta zagaye ciki ta riƙe baya,
ba ta fitowa a madubi, ba mai yaba ta,
in ta yi barci, ƙashi ke biyan kuɗin.
Don haka nake rarrafe da furfura a gemu,
in miƙa hannun dama da ƙafar hagu,
in tsaya cik, kamar wanda aka ɗora wa ƙwai a gadon baya.
Makanikai na wucewa suna ƙumshe dariya.
Su yi.

Anjima mutum goma sha tara za su hau bayana,
cikin rigunan ruwa masu launin lemo,
wasu za su yi gyangyaɗi tun kafin mu bar ƙasa.
Sun amince da injin, sun amince da hannuna.
Ba wanda zai tambayi abin da ke riƙe da hannun.

Gumi ya ɗiga a kan tabarmar roba,
ɗigo uku, na ƙirga.
A waje iska na kaɗa tuta, teku na jira.

"Casa'in. Sauka."

Ban sauka ba.
Na ƙara biyar, na Oddvar.