Keke Biyu Gare Ni

Likita ta ce sukari ya hau.
Ta ce, "Malam Laminu, ƙafa ba ado ba ce, motsa ta."
Na ce ai kullum a kan keke nake wuni.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Keken ɗinki bai taɓa kai kowa Mirya ba."

Shekara arba'in da uku,
feda ɗaya na sani a duniya,
wadda ke kora allura cikin shadda
ta bar ni inda ta same ni.

Ranar Alhamis na ƙulle jaka hamsin a aljihun ciki,
kuɗin ɗinkin salla da Zuwaira ba ta san yawansu ba,
na gangara Kasuwar Dole.

Can na gan shi a rataye, ja wur kamar barkono,
sifirin gaba, sifirin tsakiya,
giya ashirin da ɗaya, in ji mai kaya,
ledarsa ma ba a ɓare ba.
Zuciyata ta riga ta biya,
hannu ne kawai ya makara.

Sai Barmu mai faci, da ke tsugune gefe
yana neman hujin tif cikin kwanon ruwa,
ya ce, bai ko ɗago kai ba:
"Ɗaga shi tukuna."
Na ɗaga. Wayyo bayana.
Kamar na rungumi buhun gero.
"Sifirin nan na tsakiya kwalliya ce," in ji shi,
"kana taka feda yana shanye ƙarfinka.
Wata uku zai fara kuka kamar ƙyauren gidan haya.
Mai jaka hamsin ba ya sayen ado da ƙwari rana ɗaya,
zaɓi guda."

Ya ja ni bayan rumfa.
Gwanjo ne, shuɗi ko toka, ban tantance ba,
fentin ya koɗe, sirdin da tabon wani mai shi
da ban san ƙasarsa ba.
Ya ce, "Ƙetara, tsaya da ƙafa biyu.
Yatsa huɗu tsakaninka da ƙarfen nan? To, tsawonka ne.
Matse birki. Tura. Ya tafi?"
Bai tafi ba.
Ya juya taya, ya kanne ido ɗaya yana kallon bakinta,
ba ta yi rawa ba.
Ya ja kaca da yatsa, ya shafa maiƙon a wandonsa.
"Wannan, in ya yi ciwo, akwai maganinsa a akwatina.
Wancan sai ka aika Kano, ka jira."

Muka yi ciniki har aka kira azahar.
Arba'in da biyu.
Ragowar ta tafi a famfo, tif na ajiya,
da wata hular kwano da ta mai da ni kamar kunkuru.
Barmu bai karɓi ko dala ba.
Ya ce tsidau zai kawo ni wurinsa, ba ya gaggawa.

Da asuba na tura shi bayan Birni,
inda duwatsu ke zaune kamar giwaye sun gaji.
Taku bakwai na yi, rairayi ya kama tayar gaba,
na sauka ba da niyya ba, da haƙarƙari.
Wata akuya ta daina tuƙa ta dube ni.
Na karkaɗe. Na sake hawa.
Giyar ta yi ƙas, hawan ya yi laushi,
iska ta shiga rigata ta baya.

Yau sati biyar.
Gwiwata da ɓawon ciwo, tayata da faci uku,
Zuwaira ta gano kuɗin, ta yi faɗanta ta gama,
jiya ma ita ta aike ni Zango sayen yaji.
Mirya da sauran tafiya.
Amma na kai bishiyar kukar da ke bakin hanya,
na jingina shi, na zauna ina haki,
ina jin zuciyata tana ɗinki
ba zare, ba mai jiran kaya.