Kayan Kwana Ɗaya

Shekara talatin da takwas ina ɗaure wa Belarmino kaya,
ban taɓa tambayar me ake yi da su ba.
Ni dai tawa takan ƙare a bakin gaɓar Quemchi:
in miƙa buhu, in ɗaga hannu, in juya gida
kafin ƙarar injin ta ɓace a bayan tsibiri.

Yau buhun nawa ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya,
don haka tun Laraba na baje komai a kan tebur:
bargon ulu biyu, wanda na saƙa bara
da wanda asu ya ci wa gefe,
dafaffen dankali, busasshen kifi, gishiri a ƙulle,
ashana cikin kwalba mai murfi.
Kullum sai ya ce, a kwalba, Orfelina, a kwalba,
ni kuwa ina ƙunƙuni.
Shekaranjiya na bar kwali ɗaya a jirgin don gwaji,
da safe na tarar ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi.
To, tsoho, ka ci wannan gardama,
sai dai ba ka nan balle ka yi mini gori.

Jirgin bai fi ɗakin girkina tsawo ba.
Shuɗin fentinsa na ɓarewa kamar ɓawon kifi.
Na sunkuya na shiga, na gwada makwancin:
kaina ya bugi katako, ƙafata ta taɓa garwar mai.
Shi da ya fi ni da taƙi guda,
ta yaya yake miƙewa?
Ashe shi ya sa ko a gadonmu yake kwana a naɗe,
gwiwa a ƙirji, baya gare ni.
Shekaru ina zaton fushi ne.

Audilio maƙwabci ya zo da nasa karatun,
yana magana yana duban sama:
Ki sakar wa anga igiya ninki biyar na zurfin ruwa.
Teku na cika tana janyewa, ba ta sallama.
Ki riƙe bishiya ɗaya da dutse ɗaya a ido,
in sun sauya wuri, ke ce kika sauya.
Farar fitila a sama har gari ya waye.
Risho kuma ba ya kwana da wuta.
Na ce na ji.
Ya ce, ji daban, dare daban.

Ɗiyata ta bugo waya daga Puerto Montt:
Mama, me kike nema a can?
Na ce, barci.
Ba ta yi dariya ba.

Na ƙara safa uku, na ƙara batir a rediyo,
na ɗauki bokiti, ba sai na faɗi aikinsa ba.
A jikin ƙusa, kusa da inda kai ke sauka,
na ga cokali ɗaure da zare.
Wannan kam ban gane ba tukuna.
Na bar shi yana lilo.
Wataƙila tsakar dare zai yi mini bayani.

An ce jirgi na magana idan duhu ya yi,
katako na nishi, ruwa na ƙwanƙwasa ƙofar da babu.
Tsoro ina da shi, na naɗe shi tare da bargo,
tunda ya ƙi zama a gida.

Yanzu yayyafi ya tsagaita, ruwa ya cika har wuyan dutse.
Na kwance igiya da hannun da ya saba miƙa ta.
Babu kowa a gaɓa sai karenmu da hayaƙin maƙwabta.
Na ɗaga masa hannu duk da haka.

Daga nan gidan ƙarami ne ƙwarai,
tagar girki kamar ƙwayar ashana.
Ashe haka yake ganina.