Hankakan da Aka Goge

Shekara goma sha tara ina hawa matakalar nan,
gwangwanin biskit a hammata.
Babbar Kotu a Kochi. Ruwan sama na dukan taga,
fanka na juyawa kamar ita ma ta gaji da mu.

Hoto ɗaya ne tak:
masunta huɗu na jan taru da asuba,
ɗaya baki buɗe, ɗaya ya kusa zamewa,
hankaka ya gitta ta hagu.
Babana Kuriakose ya ɗauka,
ya wanke shi a banɗakinmu,
ya toshe ƙasan ƙofa da zanen Mama.

Kwatsam sai ga shi a jikin kwalin ganyen shayi,
a tashar jirgi, a kanti, a bayan bas.
Sun goge hankakan. Sun goge sunan Baba.
Lauyansu ya ce: teku na kowa ne,
wa ya mallaki asuba?

Baba bai jira amsa ba.
Ya cika a shekara ta goma sha ɗaya,
takardar ɗage zama a ƙarƙashin matashinsa.

Yau Mai Shari'a Padmakshi ta ce a miƙo baƙin fim ɗin.
Ta ɗaga shi saitin taga da yatsu biyu.
A cikinsa sama baƙa ce wuluk, masunta fari fat,
ga hankaka, ya koma balbela,
ga ƙarcen da farcena ya yi ina 'yar shekara shida,
ranar da na sha mari.

Shafi tamanin da uku ta karanta.
Abin da na riƙe kaɗan ne:
teku na kowa ne, gaskiya,
amma wanda ya tsaya a ruwa iya gwiwa,
ya jira haske, ya danna a wannan ƙiftawar,
ƙiftawar tasa ce.

'Yan jarida sun ce an kafa tarihi,
ɗalibai za su haddace sunanmu don jarrabawa.
Masuntan huɗu kuwa,
ba wanda ya tambayi sunansu. Har ni.

Na gangara bakin ruwa, na sayi shayi.
Ga kwalin nan kusa da tukunya, ya sha hayaƙi.
Na sa yatsa a kusurwar hagu,
na ce wa mai shayi: nan akwai tsuntsu.
Ya leƙa, ya ce bai gani ba.
Na ce yana tafe,
kotu ta ba su wata uku su maido shi.